Fom Arba'in da Hannun Liman

A shekarar da na shiga zangona na ƙarshe na digiri na biyu, akwai wani ɗan littafi mai koren bango da ba ya barin jakata. Littafin dokokin ɗalibai ne, wanda ake miƙa wa kowa ranar rajista. Yawancin abokan karatuna ban taɓa ganin sun buɗe nasu ba. Ni kuwa na karanta nawa har bangon ya fita, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk inda aka ce "dole ne" ko "ba a yarda ba". Ba na jin ƙwazo ne ya sa ni haka. Tsoro ne, ina ganin. Ni ne na farko a gidanmu da ya yi nisa haka a boko, kuma kullum ji nake kamar akwai wata doka da kowa ya sani sai ni.

Ina koyarwa a wata sakandare kusa da Bici a lokacin, aikin da karatun suka yi ta cin juna har na ƙarar da zangunan da aka ɗibar mini, saura ɗaya. Littafin ya faɗa a fili: wanda bai miƙa kundinsa ba kafin wa'adinsa ya cika, an rufe fayil ɗinsa. Bincikena kuwa a kan yadda manoman ƙauyenmu suke zaɓen irin gero ne. Abin ba a zaure ake ganinsa ba, sai a gona, ranar girbi, lokacin da mutum yake ɗaga zangarniya yana juya ta a hannu, ya ware wannan, ya jefa waccan cikin dami. Girbin gero a wajenmu bai fi mako biyu zuwa uku ba. In ya wuce ni, sai baɗi, ni kuma ba ni da baɗi.

Akwai kuma dokar da ta ce duk binciken da ya shafi mutane sai wani kwamiti ya duba shi, kuma kowane mutum da za a yi wa tambaya sai an karanta masa takardar neman yarda, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na nemi kwamitin ya ba ni izinin yi wa manoma arba'in tambayoyi. Aka ba ni fom arba'in, kowane da hatimin kwamitin da lambarsa a kusurwa. Sakataren da ya ba ni, wani dattijo mai natsuwa da ke gab da ritaya, ya gargaɗe ni cewa fotokwafi ba ya karɓuwa.

Ɗakina a gida yana ɗiga ta kusurwa ɗaya, kuma ina tsoron gara. Saboda haka na kai ambulan ɗin wurin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Yana da akwatin ƙarfe inda yake ajiye takardun gonaki. Ina jin a nan na yi kuskuren. Maimakon in ce ya ajiye mini kawai, sai na zauna na yi masa bayani dalla-dalla: mutum arba'in ne, sai kowa ya yarda, in ba su yarda ba karatun ya tashi. Na maimaita wannan na ƙarshen, watakila sau uku. Yana saurare yana kallon fuskata, da na gama ya ce, "Allah ya rufa asiri." Washegari na shiga birni don in kammala rajistar zangon, wadda ta ɗauke ni kwana uku.

Da na dawo, bayan la'asar, na tarar da shi a zaure yana tufka igiyar ɗaurin dami. Tun daga nesa na ga yana murmushi.

"Furofesa, sannu da hanya. Albishirinka."

"Goro," na ce.

"Fari ko ja?"

"Fari, Baffa."

"Aikin nan da ya hana ka cin tuwo, an gama shi."

Ya shiga ciki ya fito da ambulan ɗin, ya ɗora mini a cinya. Na zaro fom na farko. A layin da aka ce mai amsa tambaya ya sa hannu, an rubuta sunan wani maƙwabcinmu da ajami, rubutu mai kyau, baƙi wuluk, da alƙalamin kara da tawadar allo. Na zaro na biyu. Suna daban, hannu ɗaya. Na uku ma haka. Ban tsaya ba sai da na kai na arba'in, kamar akwai yiwuwar ɗaya ya tsira.

Baffa ya ba ni labari yana jin daɗi. Ya ɗauki takardun ya kai masallacin unguwa, ya jira aka idar da salla, ya miƙe ya ce ɗansa na jami'a yana neman alfarma, zai bi mutane gona ya tambaye su yadda suke ware iri. Ya tambaya ko akwai mai ja. Kowa ya ce ya yarda. Da aka zo maganar dangwale sai aka fara kallon juna, domin a wajenmu mutum ba ya dangwala yatsa a takarda sai ranar zaɓe ko ranar rabuwa da gona. Sai Liman ya ce a kawo, shi zai rubuta sunan kowa da hannunsa, tunda a gabansa aka amsa. Ya kwashe yini biyu yana yi, don tawadar sai ta bushe kafin a ɗora wata takardar a kai. Aka shafa fatiha.

"Baffa," na ce, "ai kowa da kansa zai sa hannu."

"Sun yarda ko ba su yarda ba?"

"Sun yarda, amma..."

"A gaban wa?"

"A gaban Liman."

"A ina?"

"A masallaci."

"To ka gaya mini, a garin nan wace yarda ce ta fi wannan ƙarfi? Auren uwarka da ubanka haka aka ɗaura shi, kuma ban ji an ce a sake ba."

Har yau ma ba na cewa ya yi kuskure ta fuskarsa. Ya ga ɗansa cikin damuwa, ya ɗauko hanya mafi daraja da ya sani ya bi. Na yi masa godiya, ya ɗauka farin ciki nake yi.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin miƙa su haka. Wa zai zauna ya gwada rubutun ajami arba'in? Kuma mutanen sun yarda da gaske, ba ƙarya aka yi ba. Kwana biyu ina juya wannan a raina. Amma duk lokacin da na kalli takardun sai in ga hannu ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Akwai kuma layin da ni zan sa hannu a ƙasa, inda aka ce na karanta wa mutumin bayanin da kaina. Ban karanta wa kowa ba. Wannan layin ne na kasa tsallakewa, ko don gaskiya, ko don tsoron a kama ni. Ina so in ce na farkon ne, amma ban tabbata ba.

Na koma birni wurin malamar da ke duba aikina. Mace ce mai kaifin magana, ba ta son dogon gabatarwa, ni kuma ba na iya magana sai da shi. Na fara da cewa akwai wata 'yar matsala, wadda watakila ba matsala ba ce, ko da yake tana iya zama babba.

"Malam, ka ba ni abin da ke hannunka," ta ce.

Ta duba fom uku, ta saurari labarin, sai ta cire tabarau ta yi ta dariya har da share hawaye.

"Wallahi hannun Limaminku ya fi na rabin malaman sashen nan. Ka ga wannan lanƙwasar? Da tawadar allo!" Ta ajiye takardar. "To me kake so ka yi?"

Na ce ina tunanin ko akwai hanyar da za a iya duba yiwuwar karɓarsu, tunda dai an yarda.

"Gari ya yarda. Takardar nan ba gari take tambaya ba, mutum ɗaya take tambaya, shi kaɗai, inda ba Baffanka a tsaye a kansa. Ka taɓa ganin wanda ya ce a'a a masallaci bayan kowa ya ce e?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"To je ka rubuta wasiƙa. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Kada ka yi mini kwana-kwana a ciki, kuma kada ta wuce shafi ɗaya."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwamitin sau ɗaya yake zama a wata, kuma bai daɗe da tashi daga zama ba. Na lissafa a raina: kafin zama na gaba, geron garinmu yana cikin rumbu. Da wannan nauyin na je wurin sakataren. Ya karanta wasiƙar a tsanake, ya gyara zaman hularsa.

"Ka canja tambayoyin binciken?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka canja garin?"

"A'a."

"To wa ya ce maka sai kwamiti ya zauna? Sabunta fom ne kawai. Shugaba yana iya sa hannu shi kaɗai. Yana cikin littafinku."

Na ce ina jin na karanta littafin sosai, ban ga haka ba. Ya miƙo hannu na ba shi nawa, ya buɗe wajen ƙarshe, ya ɗora yatsa. Ga shi nan kuwa, sakin layi guda, fari tas ba jan biro ko ɗaya. Ban ja masa layi ba saboda babu "dole ne" a cikinsa, babu "ba a yarda ba". "Ana iya" aka rubuta, ni kuma idona bai saba tsayawa a irin wannan ba.

Ya koya mini sauran. Wasiƙar kwafi uku, ta hannun malamata, ta hannun shugaban sashe, sannan ta iso teburinsa, kuma kada in ninke ta. Tsofaffin fom ɗin a haɗo su duka, domin lambobinsu sai an soke su a rajista. Na tambaye shi ko mutum yana iya sa hannu da ajami. Ya ce sa hannu sa hannu ne, in dai mai shi ne ya yi. Wanda ba ya rubutu ya dangwala, wani mai ilimi wanda ba ɗan gidanmu ba ya sa hannu a layin shaida.

Kwana takwas abin ya ɗauka, in ban manta ba. Shugaban sashe ya yi tafiya, sai da na gano wanda yake riƙe masa. Na sauka a ɗakin wani abokina a Rijiyar Zaki, kullum da safe ina bakin ofis kafin mai shara ya gama. Kullum kuma sai na kira Baffa.

"An fara?"

"Masu shukar farko sun fara kaifafa magirbi."

Washegari: "An fara?"

"Mutum biyu sun kwantar da nasu. Kai, Furofesa, geron nan ba zai jira hatimi ba fa."

A waya na gaya masa cewa sai an sake aikin. Sai ya ce, "To ni dai ba ni zan gaya wa Liman ba."

Ranar da na karɓi sababbin fom ɗin, ban ko tsaya cin abinci ba na nufi tasha. Zuwa wurin Liman shi ne abin da na fi jin nauyi. Mutumin da ya koya mini alif da ba, zan je in ce masa aikin yini biyun da ya yi an soke shi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta zagaye. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni abin da takardar take cewa, kalma da kalma. Na karanta masa. Da na zo inda aka ce mutum yana da ikon ƙi, kuma ba sai ya faɗi dalili ba, sai ya gyaɗa kai.

"Wannan Baffanka bai karanta mana ba."

"Ba ya karatun boko, Malam."

"Na sani. Ni ma ban tambaya ba." Ya ɗan yi murmushi. "To yanzu ina ne wurina a takardar?"

Na nuna masa layin shaida.

"Ashe dai layi na ɓata. Kawo biro, gobe mu fita."

Haka muka yi kwana goma sha ɗaya muna bin gonaki. Gonakinmu a manne suke da juna, iyaka ba ta wuce layin gamba ko 'yar hanya, don haka tafiyar ba nisa, sai dai rana. Na tsara abin yadda na fahimci maganar malamata. Liman zai zauna a inuwar gawo ko ɗorawa a bakin gona, ni in shiga in sami mai gonar shi kaɗai, in karanta masa. Sai ya amsa sannan in ɗaga wa Liman hannu. Da yawa sun rubuta sunansu da ajami, wasu a karkace, suna dariyar kansu. Masu dangwale sai sun tsokane ni.

"Malam na jami'a, in na dangwala, gobe ba za ka zo da masu awo ba dai?"

"Wallahi a'a, Baba."

"To in gonar ta tafi, gidan Baffanka zan tare da iyalina, ka gaya masa."

Waɗannan kwanaki suna cikin mafi daɗin da na yi a karatun nan. Na ga abubuwan da na girma a cikinsu ban taɓa lura da su ba. Wani ba ya ɗaukar iri daga bakin gona, sai tsakiya. Wani sai ya murza zangarniya a tafin hannu ya ciji ƙwaya ɗaya. Wani ya ce matarsa ce take zaɓe in an kai gida, shi ɗauka kawai yake yi, kuma in rubuta haka kada ta ji an ce shi ne. Mutum biyar na tarar sun riga sun gama, na yi musu tambayoyin a gindin rumbu, na rubuta a kundin cewa nasu ban gani da idona ba.

Akwai wani dattijo da na bari sai ƙarshe da gangan. Geronsa ya yi suna har ƙauyukan da ke kewaye, zangarniyarsa doguwa ce, cike har baki, kuma ba a san ya taɓa sayen iri ba. Tun ina rubuta tsarin binciken shi nake hange. Baffa ya ce a masallaci dattijon yana sahun gaba, kuma ya amsa tare da kowa. Na same shi yana ɗaure dami, na gaishe shi, na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan igiya.

"Sake karanta mini wajen nan na kusa da ƙarshe."

Na sake.

"To, ban yarda ba."

Na ce watakila ban yi bayanin da kyau ba, ba za a rubuta sunansa ba, ba za a ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce ya gane sarai. Kafin in kama bakina na ce, "Baba, ko akwai dalili?"

Ya dube ni, idonsa yana dariya. "Yaro, ba yanzu ka karanta mini cewa ba sai na faɗa ba? Ko takardar taka wasa ce?"

Na ce ba wasa ba ce. Na ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, ya tambayi lafiyar Baffa, sannan ya je wajen 'yar wutar da ya haɗa a gefe ya ɗauko tumu biyu masu zafi, ya ce ɗaya nawa, ɗaya in kai wa Liman. Na fito ban ɗaga hannu ba. Liman ya karɓi tumunsa, ya dubi fom ɗin da ke hannuna ba komai a kai, bai tambaye ni ba. Muka zauna muka murza muka ci.

Da yamma na kira malamata, na ce an sami wata 'yar matsala.

"Kai da 'yan matsalolinka. Mene ne?"

"Talatin da tara ne, Malama. Mutum ɗaya ya ƙi. An amince mini da arba'in, ban sani ba ko sai na sake rubuta wasiƙa, ko in nemo wani ya cike."

"Kada ka nemo kowa. Ka rubuta an tambayi arba'in, ɗaya ya ƙi. Fom ɗinsa ka mayar wa sakatare yadda yake. Ka zauna ka fara rubutu, lokaci ne ba ka da shi."

Na miƙa kundin saura kwana tara wa'adina ya cika. Bayan wasu watanni aka sa ranar kare kundin a gaban malamai. An gayyato wani farfesa daga wata jami'a, mutum mai ƙaramar murya wanda ya cika gefen kowane shafi da fensir. Na shirya wa tambayoyi da yawa, har da waɗanda ba wanda zai yi. Ya tambaye ni kan hanyar bincike, kan mutum biyar ɗin nan na gindin rumbu, na amsa gwargwadon iyawata, ina ta "ina jin" da "mai yiwuwa" har malamata ta harare ni. Can sai ya buɗe wani shafi ya ce ya ga mutum ɗaya ya ƙi.

"Me ya sa ya ƙi?"

Ina da zato iri-iri. Watakila sirrin gidansu ne, watakila bai son rikodar da nake ɗaukar murya da ita, watakila kawai ya ga an ba shi dama ya gwada ta. Na buɗe baki zan jero su, sai na ga ba ɗaya da na sani.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Bai faɗa ba."

Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, wanda a wurina ya yi tsawo ƙwarai. Sannan ya yi 'yar alama da fensir ya juya shafi.

Aka ce in fita in jira. Na tsaya a baranda ina kallon wasu ɗalibai suna layin rajista, kowa da fayil a ƙirji. Ba a jima ba aka kira ni. An amince da kundin, da ƙananan gyare-gyare da zan kammala cikin mako huɗu. Na tambaya ko mako huɗun daga yau ake ƙirgawa ko daga ranar da takardar za ta fito. Malamata ta ce in tafi gida.